Sos Ɗin Kirim Mai Tsami Da Ya Yi Ta Tsinkewa: Yadda Wata Mai Girki A Abadin Ta Shawo Kansa

Asalin lamarin

Matar da ake magana a kanta 'yar Zariya ce, aure ne ya kai ta Abadin ta ƙasar Sikotland, garin nan na harkar mai da iskar gas da 'yan Najeriya suka yi yawa a cikinsa, wasu aiki wasu karatu. Maigida na fita aiki, ita kuma tana girki a gida tana sayarwa, da rajistarta da komai, don a can sai ka yi wa sana'ar abinci rajista a ƙaramar hukuma aƙalla kwana 28 kafin ka fara. Jalof, farfesu, sinasir da masa in an yi oda, irin su dai, kuma yawancin masu sayen 'yan gida ne.

A ƙarshen watan Satumba sai wani ƙaramin ofis ya nemi ta riƙa kai musu abincin rana duk Juma'a, mutum 24. Matar da ke shirya musu harkar tace ai ba kowa ke iya yaji ba, su dai a yi musu kifin salmon da dankali da sos na kirim, wato maiƙon madara, mai lemon tsami da wani ganye mai ƙamshi da ake kira dil, amma dan Allah kar ya yi nauyi don mutane aiki za su koma. A can wannan ba abincin masu kuɗi bane kamar yadda muke ganinsa a manyan kantunan Abuja da Legas, kifin a gida ake kiwonsa, a gaɓar yammacin ƙasar da tsibiran Shetland da Orkney, har yana cikin manyan kayan abincin da Birtaniya ke fitarwa waje. Kuma kifi ne mai maiƙo, na kiwo yana kai kusan kashi 13 cikin 100, shi ya sa ake nema masa abu mai tsami, in ba haka ba loma uku ya gundure ka.

Tsarin aikin kuwa haka yake: ta gama girki ƙarfe 11:15, ta loda mota ta isa wajen 12 saura, a fara ci 12:30, masu jinkiri su zo har 1:30. Kowa yanka ɗaya na giram 130 da sos mil 50, wato lita 1.2 gaba ɗaya. Kenan sos ɗin zai yi sama da awa biyu da zafinsa kafin na ƙarshe ya ɗiba, kuma dokar can tace abincin da aka ajiye da zafi kar ya sauko ƙasa da digiri 63 a ma'aunin Salshiyas.

Akwai kuma wani abu tun farko. Kusan duk girke-girken Turawa na wannan sos da farar giya ake fara su, a zuba ta kan albasa a bari ta ƙone ta bar ɗan tsami-tsami. Ita ba ta amfani da giya, to sai ta yanke shawarar cike gurbin da ƙarin lemon.

Ta yi gwaji a gida na mutum biyu da ragowar kirim ɗin da ke firji, ya yi sumul, maigida ya yaba, aka wuce wurin.

Juma'ar farko ta Oktoba

Da ta je sayayya ta ga kirim kala-kala, sai ta ɗauki singil kirim, wato mai ƙarancin maiƙo, saboda ya fi sauƙin kuɗi kuma ai an ce kar ya yi nauyi. Ta soya ƙananan albasa da bota a tukunyarta ta dalma da ta zo da ita daga gida, ta juye kirim lita 1.2, ta matse lemo 4 wanda ruwansu ya kai kamar mil 170, ta zuba dil da gishiri duk a lokaci guda ta bari ya tafaso. Tun a kan wuta ta ga kamar ya yi ɗan tsaki-tsaki a bayan cokali amma ta kaɗa shi da ƙarfi ya yi kamar ya haɗe, ta juye a mazubin ƙarfe mai wuta a ƙasa.

Da aka buɗe a ofis ƙarfe 12:30, farin gudaji ƙanana sun kwanta a ƙasa, wani ruwa tsararo mai ɗan rawaya a sama, dil ɗin ya koma kalar ƙasa-ƙasa, launin duka ya yi toka-toka. Ɗanɗano dai da sauƙi, ido ne ya ƙi. Mutane suka ci kifi da dankali suka bar sos, fiye da rabi ya dawo gida. Matar ofis ta turo saƙo cikin ladabi irin nasu tace kifi ya yi daɗi, sos ne dai kamar ya rabu.

Juma'a ta biyu

Abu biyu ta zarga, tukunya da lemo. Zargin tukunya da gaskiyarsa, dalma ba ta shiri da tsami, ita ke sa launin toka da ɗan ƙarni na ƙarfe a baki, don haka ta koma tukunyar silba ta ƙarfe mara tsatsa mai kaurin gindi. Lemo kuma ta rage zuwa 2. Kirim ɗin dai singil ne, kuma ta sake tafasa su tare.

Launi ya gyaru. Ya bar gida da ɗan kyansa, amma zuwa ƙarfe ɗaya ya sake yin tsaki, bai kai na farko muni ba amma ana gani. Ga shi tsamin ya gudu, wani a ofis yace kamar madara mai ɗumi aka zuba wa kifi. An yi biyu babu kenan.

Juma'a ta uku

Nan ta shiga intanet, ta ga ana cewa a yi da yogot a saka masa kwanfulawa ba zai tsinke ba. Ta sayi yogot mai kauri irin na Girka kilo 1, ta dama kwanfulawa cokali 2 na cin abinci da ruwan sanyi ta haɗa, ta ƙara madara mil 200, lemo ɗaya kawai tunda yogot da tsaminsa. Don ta rage wa kanta aikin safe sai ta yi shi daren Alhamis ta sa a firji.

To a Sikotland akwai wata doka da babu irinta a Ingila: abincin sayarwa da aka dafa ya huce, in za a sake ɗumama shi sai ya kai digiri 82. Ta bi doka, ta sa ma'aunin zafi ta kai shi 82. Bai tsinke ba kam, sitaci ya yi aikinsa, don yana shanye ruwa ya kumbura ya shiga tsakanin furotin ya hana su cuɗewa. Amma sos ya yi danƙo, ya yi fata a sama, in ka ɗiba da ludayi sai ya faɗo gaba ɗaya ya zauna kan kifi ya ƙi malala, dil da ya kwana a ciki kuma ya yi baƙi ƙamshinsa ya tafi. Ba wanda ya yi ƙorafi a wannan makon, amma matar ofis ta tambaya ko za a iya komawa kaza, ita kuwa ta gane abin da ake nufi. Ta roƙi a ƙara mata mako biyu.

Juma'a ta huɗu

Sai a wannan makon ta tuna cewa ragowar da ta yi gwajin farko da shi dabul kirim ne, wato mai maiƙo da yawa. Ta sayi lita 2, ta tafasa shi sosai har ya ragu da yawa don ya yi kauri, ta ƙara bota giram 100, lemo 3 a kan wuta.

Gudaji babu ko ɗaya. Amma bayan awa ɗaya a kan wutar mazubi sai mai ya taso rawaya yana yawo a sama, ƙasan kuma ya kama gefe. Nauyi kuwa ba'a magana, daidai abin da aka ce ba'a so.

Farkon Nuwamba: shawara da gwajin kofi huɗu

Akwai wata dattijuwa 'yar Damagaram a rukuninsu na WhatsApp na matan gari, ta yi shekaru tana aiki a kicin ɗin otal a Faransa kafin ta dawo wurin ɗiyarta. Ita ta kira ta kwashe labari kaf ta faɗa mata.

Tace, "Mama wallahi na rasa gane kansa, in na sa mara maiƙo ya tsinke, in na sa mai maiƙo ya fid da mai."

Dattijuwar tace, "Ɗiyata ai ciwo biyu ne kike wa magani ɗaya. Ki bar wannan tafasa da kike yi da lemo a ciki, kuma ki daina ƙona kirim don ya yi kauri, romo ake ƙonawa ba kirim ba. Kin taɓa yin awara ko?"

Maganar awarar nan ita ce ta buɗe mata ido. Duk wadda ta taɓa yi ta san aikin, ki tafasa madarar waken suya ki zuba ruwan tsami, nan take ta haɗe ta rabu da ruwanta. Abin da take yi kenan a makon farko da na biyu, zafi da tsami a kan furotin. A madarar shanu furotin ɗin da ke haɗewa ana ce masa kesin, madara tana zaune a kusan 6.7 a ma'aunin tsami na pH, ruwan lemo kuma yana can ƙasa tsakanin 2 da 3, in cakuɗin ya gangaro kusa da 4.6 kesin sai ya dunƙule, in kuma da zafi ma ba ya jiran a kai can, tun da wuri yake fara tsaki. Abin da ke kare kirim shi ne maiƙonsa. A Birtaniya singil kirim kashi 18 ne maiƙo, na bugawa 35, dabul 48. Mai maiƙo da yawa furotin ɗinsa kaɗan ne, na dabul kusan rabin na madara, kuma ɗan da ke akwai ya manne a jikin ƙwayoyin mai, ba su da sararin haɗuwa su yi gudaji. Masu girki sukan ce daga kashi 30 zuwa sama hankalinka kwance.

Na mako na huɗu kuwa wani ciwon ne daban. Kirim ƙwayoyin mai ne ke yawo a cikin ruwa, in ka ƙone ruwan har kusan rabi sannan ka ƙara bota ka kuma ɗora kan wuta awa biyu, ruwan da zai riƙe man ya ƙare, dole ya taso.

Dattijuwar ta ba ta labarin wani shahararren girki na gidan abincin 'yan uwan nan Jean da Pierre Troisgros a garin Roanne na Faransa, wanda suka fito da shi a farkon shekarun 1960, salmon yankan falle-falle da sos na kirim da wani ganye mai tsami. Tace ki duba yadda suke yi, romon kifi da albasa ake fara ƙonawa har su kusa ƙafewa, sannan kirim mai maiƙo, ganyen da ɗigon lemo sai can ƙarshe, kuma daga tukunya sai faranti, ba mai ajiye shi awa biyu. Ke da za ki ajiye, sai ki raba abin da ke jure zama da wanda ba ya jurewa.

Ranar Talata ta yi gwaji. Kofi huɗu, kowanne mil 100: singil kirim, kirim mai tsami na kanti wanda shi ma maiƙonsa bai wuce kashi 18 zuwa 20 ba, kirem firesh, wani kirim mai ɗan tsami irin na Faransa, cikakke mai kusan kashi 30, sai dabul. Ta jera su a faranti mai zurfi da ruwan zafi, ta riƙe ruwan a digiri 70, ta zuba wa kowanne ruwan lemo mil 10, ta sa agogo awa ɗaya. Singil ya fara tsaki kafin minti goma, in ta goga a bayan cokali da yatsa sai ta ji shi kamar gari-gari. Mai tsami na kanti ya fi shi saurin lalacewa, tun kafin lemo ya gama gauraya ya saki ruwa. Kirem firesh ya ɗan saki jiki ya yi ruwa-ruwa amma sumul. Dabul kuwa ba ma tsinkewa ba, kauri ya ƙara, ya kama cokali lumui, wato lemon da kansa yana ba shi kaurin da ta ɓata kirim mai yawa tana nema a kan wuta.

Juma'a ta biyu ta Nuwamba: sabon tsari

Makon farko na watan an yi kaza, wannan ne damarta ta ƙarshe da kifi. Ga yadda ta yi.

Ƙananan albasa giram 150 yankan ƙanana sosai, ta laƙaƙa su da bota giram 40 a wuta kaɗan har suka yi laushi ba tare da sun yi ja ba. Ta zuba farin khal mil 20 ta bari ya kusa ƙafewa, shi ne a madadin giya, sannan romon kifi mil 600 da ta yi da ƙashin farin kifi, ba na salmon ba don nasa maiƙo da ƙarni sun yi yawa, ta ƙona shi ya koma mil 200. A nan ɗanɗanon yake taruwa. Sai dabul kirim mil 600, wuta ƙasa-ƙasa minti 5 yana ɗan motsi a gefe kawai. Ta sauke, ta kaɗa kirem firesh mil 400 a ciki, mastad cokali 2, gishiri, farin masoro, da kankararren bayan lemo 3, rawayan kawai banda farin da ke ƙasa don shi ɗaci ne. Bayan lemon nan shi ne dabarar da ta fi burge ni a duk lamarin, ƙamshin lemo a man ɓawonsa yake, tsamin ne ke cikin ruwan, to ka ga za ka cika sos da ƙamshi tun a gida ba tare da ka taɓa furotin ba.

Ta mayar kan wuta ya kai digiri 75, ta juye a filas biyu da ta riga ta ɗauraye da tafasasshen ruwa. Mazubi mai wuta a ƙasa ta bar wa kifi da dankali, don wutarsa wuri ɗaya take duka, gindi ya yi ta ƙuna sama na hucewa. Ruwan lemo mil 60 a 'yar kwalba, yankakken dil da 'ya'yan kefa, wasu ƙananan tohon fure ne da ake jiƙawa a gishiri da khal, su ma a roba daban. Ƙarfe 12:25 ta auna filas na farko ya nuna 69, ta zuba rabin lemo da rabin ganye ta girgiza ta juye a jug. Na biyu ta nuna wa matar ofis yadda za ta yi masa ƙarfe ɗaya.

Mastad ya jawo ɗan aiki na takarda, yana cikin abubuwa 14 masu tada alaji da doka ta ce a sanar da masu ci, tare da kifi da madara, sai da ta gyara takardarta. Sannan wasu mastad ɗin da farar giya a ciki, sai an karanta jikin kwalba.

Kifin ma ta ɗan taɓa shi. Farin abin nan da ke fitowa a jikin salmon in ya ji wuta furotin ne na jikinsa, ba ya cutarwa amma in ya haɗu da sos sai a ɗauka sos ne ya tsinke. Ta riƙa jiƙa yankan minti 10 a ruwan gishiri, giram 60 a lita ɗaya, ta tsane da tishu kafin oben, ya ragu sosai.

A ranar jug biyu suka dawo wayam.

Ƙarshen Nuwamba zuwa Disamba

An ci gaba a haka lafiya sai Juma'a ɗaya a farkon Disamba da maigida ya yi mata sayayya ya ɗauko kirem firesh mai rabin maiƙo, robobin kusan iri ɗaya ne in ba ka duba rubutu ba. Ba ta lura ba sai da ta buɗe filas na farko ta zuba lemo ta ga ɗan tsaki. Bai kai a zubar ba tunda dabul na ciki ya tare, ta tace da rariya ta wuce, na biyun kuma tace a zuba rabin lemonsa kawai. Sau ɗaya kuma ta shagala da waya kirim ya ƙone fiye da kima mai ya fara ƙyalli a gefe, ta sauke ta zuba ruwan sanyi cokali 2 ta kaɗa ya koma. Wannan ciwon yana da magani, na gudaji ne in ya yi nisa ba ya dawowa, ko an markaɗa a bilenda bakinka zai faɗa maka.

Ofis ɗin sun sabunta odar zuwa sabuwar shekara, kifi mako ɗaya kaza mako ɗaya.

Abin da na gani a lamarin

Ni a nawa ganin lemo bai taɓa zama mai laifi ba, shi ne dai aka fi gani shi ya sa aka fara kama shi. Abu uku ne suka haɗu, kirim mara isasshen maiƙo, tsami da aka zuba yana kan wuta, da doguwar ajiya, kuma a cikinsu maiƙon ne babba, gwajin kofi da kuskuren Disamba duk shi suka nuna. Canjin tukunya ya gyara launi ne kawai. Kwanfulawa ba laifi bace, da a gida ne za a ci nan take da ta wadatar, abin da ya kashe ta kwana a firji da dokar digiri 82.

Inda aka fi yin asara shi ne canza abu biyu uku a mako guda, kuma a kan abincin mutum 24, sai ta kasa gane wanne ya yi aiki. Gwajin da ya warware komai kirim mil 400 ya ci da awa ɗaya, da shi aka fara da Oktoba ba ta tafi haka ba. Maganar "kar ya yi nauyi" ma ita ta fara karkatar da ita, alhali abin da harshe ke ji a matsayin nauyi yawanci rashin tsami ne da rashin gishiri, sabon sos ɗin ya fi na farko maiƙo nesa ba kusa ba amma babu wanda yace ya yi nauyi, don romo ya sassauta shi kuma lemon sabo ne a baki.

Ga masu son gwadawa a gida Najeriya ko Nijar da salmon na firiza, madarar gwangwani maiƙonta bai kai kashi 10 ba, kindirmo ma haka, duk za su tsinke in suka haɗu da lemo a kan wuta, a nemi kirim na kwali a duba adadin maiƙon a jikinsa. Lemon tsaminmu ƙanana kore kuma ya fi saurin yin ɗaci in ya daɗe da zafi, shi ma sai an sauke.

Matsalar da ta rage mata har yanzu ta kuɗi ce, dabul kirim da kirem firesh sun fi singil tsada kuma farashin da ta yanka wa ofis tun Satumba ne, tace sai an zo sabunta yarjejeniya ta gaba za ta taɓo maganar.